Yadda Aka Koyi Sana'ar Fim a Kano: Daga Ƙungiyoyin Unguwa zuwa Teburin Marubuta

Yawancin mutanen da suka kafa masana'antar fim ta Kano sun koyi aikinsu ne a cikin ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwanni, da ƙungiyoyin marubuta littattafai, da kuma hannun iyayen gida a wurin ɗaukar fim. Makarantar koyon fim ta zo musu a makare, kuma ko da ta zo kaɗan ne suka shige ta. Wannan hanyar koyo ita ta ba fim ɗin Hausa saurinsa da daɗin harshensa, ita ce kuma ta daɗe tana danne marubucin labari a ƙasan kowa.

Kafin a fara yi sai da aka daɗe ana kallo. Turawan mulkin mallaka sun riƙa yawo da majigi gari-gari suna nuna finafinan tsafta da noma a ƙofar fada. A 1937 aka buɗe silimar Rex a Kano, daga baya wasu suka biyo, irin su Palace da Plaza da Orion, akasarinsu a hannun Kwarori 'yan Labanan. Tun daga shekarun 1960 finafinan Indiya suka mamaye waɗannan gidaje, na Cana kuma suka shigo a shekarun 1970 da faɗace-faɗacensu. Yaron da ya tashi a Fagge ko Yakasai a wancan zamani ya san yadda ake ɗaure labarin soyayya, ya san inda waƙa take shigowa da inda mugu yake faɗuwa, tun bai taɓa riƙe kyamara ba.

Akwai kuma wani reshe na ƙwararru da ya tsiro a ƙarƙashin gwamnati. Adamu Halilu, wanda ya taso a sashen fim na gwamnatin Jihar Arewa, shi ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976. Sadiq Ɓalewa ya yi Ƙasarmu Ce a 1991, Brendan Shehu kuma ya yi Kulɓa Na Ɓarna daga wasan Umaru Ɗanjuma Katsina. Waɗannan ayyuka ne na fim ɗin silima, masu cin kuɗi da yawa da buƙatar kayan aiki daga waje, don haka ba su haifar da almajirai masu yawa ba. Masana'antar da ta bunƙasa daga baya ta wani ɓangaren ta ɓullo.

Gidajen rediyo da talabijin su ne suka fi kusa da zama makaranta. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, a rediyo aka fara jin su kafin su zama littattafai. Bayan kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, sai ga su Ƙasimu Yero da Usman Baba Pategi, wato Samanja, sun zama sanannu a kowane gida. A Jos akwai Karkuzu, a Kano kuma NTA da CTV 67, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, suka buɗe ƙofa ga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na gari. Tsarin aikin mai sauƙi ne. Ƙungiya ta kawo labari da 'yan wasa, gidan talabijin ya ba da kyamara da ma'aikata da lokacin nunawa. Sau da yawa babu rubutacciyar magana ko layi ɗaya. Shugaban wasa yakan tara mutane ya ce wane kai ne maigida, wance ke ce amarya, ga abin da zai haɗa ku rigima, ga inda za a tsaya, sauran kuma kowa ya ciro daga bakinsa. Wanda ya iya karin magana da habaici da zaurance shi yake haskawa. Daga nan ne 'yan wasan Hausa suka gaji iya magana ba shiri, suka kuma gaji raina takarda.

Ƙungiyoyin da kansu abin dubawa ne. Tumbin Giwa da Gyaranya da Jigon Hausa da makamantansu taron samari ne na unguwa, masu shugaba da sakatare da ma'aji, ana biyan kuɗin mako, ana haɗuwa da yamma a harabar makarantar firamare don rihazal. Sabon shiga yakan fara da ɗaukar kaya da share fili, sannan a ba shi fitowar ɗan aike ko dogari, sai an ga kamun ludayinsa a ƙara masa. Gyara a bainar jama'a ake yin sa, kowa na ji, kuma babba yana iya tsayar da wasa ya nuna wa yaro yadda ake shiga zaure ko yadda ake durƙusa wa sarki. A gefe guda kuma, a farkon shekarun 1980, masu ɗaukar bidiyon biki da taro irin su Sani Lamma da Hamisu Gurgu sun fara ɗaukar wasannin samari a kaset suna nunawa a gidajen kallo. Haɗuwar masu wasa da masu kyamarar biki ita ta nuna cewa ana iya yin fim ba tare da jiran gidan talabijin ba.

A watan Maris na 1990 Tumbin Giwa, ƙarƙashin shugabancin Ibrahim Mandawari, ta fitar da Turmin Danya. Aminu Hassan Yakasai ne ya rubuta labarin, Salisu Galadanci ya ba da umarni. Shi ake ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka yi don kasuwa, shekara biyu kafin Living in Bondage ya buɗe kasuwar bidiyo ta Kudu. Gimbiya Fatima, wanda ƙungiyar ta fitar bayansa, ya tabbatar da cewa akwai masu saye.

A daidai wannan lokaci Kano tana cikin zazzaɓin littattafan soyayya, waɗanda masana suka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, inda Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yangurasa da Balaraba Ramat Yakubu suke, ta kasance wurin da marubuta ke karanta wa juna rubutu, su gyara wa juna, su nuna wa sabon marubuci maɗaba'a da mai zanen bango da dillalin da zai karɓi littafi. Da bidiyo ya zo, wannan zumunci ne ya koma fim kusan yadda yake. Gidan Dabino ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim a 1994, Adamu Muhammad ya yi Kwabon Masoyi, Bala Anas Babinlata ya yi Tsuntsu Mai Wayo, Abdulkareem Muhammad kuma ya ɗauki Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat ya yi fim da shi a 1998. Marubutan nan sun shigo da abin da 'yan dirama ba su da shi, wato doguwar sarƙar labari mai farko da tsakiya da ƙarshe. Amma su ma sai da suka sake koyo. A littafi ana iya cika shafi uku da abin da ke zuciyar budurwa. A gaban kyamara dole a nemo abin da za ta yi da hannunta ko abin da za ta faɗa wa ƙawarta. Finafinan farko da yawa sun cika da mutum biyu zaune a falo suna ba juna labarin abin da ya kamata a ce an nuna, kuma wannan ciwo bai gama warkewa ba har yau.

Ƙarshen shekarun 1990 ya sauya ma'aunin. Situdiyon Iyan-Tama da piyanon Yamaha sun sa haɗa waƙa ya yi arha, Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito a 1999, Wasila ya biyo a 2000, kasuwa ta buɗe baki. A 1999 ɗin ne Sunusi Shehu ya fara amfani da sunan Kannywood a mujallar Tauraruwa, Ibrahim Sheme kuma ya fara buga mujallar Fim. Matasa suka yi ta kwararowa Kano daga Jos da Kaduna da Katsina da Sakkwato, har da Maraɗi da Damagaram. Ƙungiya ta ja baya, kamfani ya maye gurbinta, ofisoshi suka cika titin gidan Zoo. Koyo ya koma irin na shagon tela: yaro ya samu ubangida, ya riƙe masa jaka, ya ja waya, ya ɗaga fitila, ya riƙe sandar makirfo, a hankali a ba shi littafin kwantiniti ya riƙa lura da rigar da jaruma ta sa a fitowar da ta wuce. Daga kwantiniti ake zama mataimakin darakta, daga nan a samu furodusan da zai yarda ya ba mutum fim. Masu tacewa kuma a bayan kujerar wani editan suka koya, suna kallon yatsunsa. Daraktoci irin su Tijjani Ibrahim sun yaye mutane da dama ta wannan hanya, kamfanin FKD na Ali Nuhu kuma ya yi suna wajen fito da sabbin fuskoki.

Marubuci ne ya fi shan wahala a wannan zamani. 'Yan kasuwar Bata da Ƙofar Wambai, waɗanda ke sayen kwalin fim su buga kaset, fuskar jarumi da yawan waƙoƙi suke tambaya, ba wanda ya rubuta ba. Akan yi waƙa tun kafin a san labarin da za ta zauna a ciki. Wankiya ta yi yawa, wato a zauna gaban fim ɗin Indiya a kwashe shi fitowa-fitowa a sa masa sunayen Hausa, ko da yake ba a rasa abin da aka tsinta a ciki ba, domin wanda ya warware fim goma ta haka yakan gane yadda ake ɗinka su. 'Yan camama kuwa, su Rabilu Musa Ibro, sun ci gaba da tsohuwar al'adar dirama: a je ƙauye da guntun labari a ka, a gama ɗauka cikin 'yan kwanaki. Abin da ake kira rubutu sau tari jerin fitowa ne a littafin makaranta, kowace da layi biyu.

Matsin lamba daga waje ya taimaka wajen ɗaga darajar takarda, ko da ba don fasaha aka yi shi ba. Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, gwamnati ta dakatar da harkar fim na ɗan lokaci, sannan ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2007, zamanin da Abubakar Rabo Abdulkarim yake shugabantar hukumar, an sake dakatar da ɗaukar fim na watanni, aka gindaya sharuɗɗa, ciki har da rajistar ma'aikata da gabatar da rubutaccen labari kafin a fita lokeshan. 'Yan fim sun ɗanɗana kuɗarsu, wasu suka koma Kaduna da aiki, amma furodusa ya fara neman wanda ya iya rubuta cikakken labari da maganganunsa. Ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN da ƙungiyoyin sassan sana'a sun riƙa shirya bita, wani lokaci da haɗin gwiwar ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin waje. Masana ma sun matso: taron da aka yi a Kano a 2003 kan finafinan Hausa, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu yake cikin jagororinsa, ya zaunar da malaman jami'a da 'yan fim a zaure ɗaya. Cibiyar koyar da fim ta ƙasa da ke Jos, ƙarƙashin Hukumar Fim ta Nijeriya, da Kwalejin Talabijin ta NTA a garin, sun karɓi wasu, sai dai karatun da Turanci ne, ga kuɗi, ga barin kasuwa na shekaru, don haka mafi yawa gajeren kwas suka iya yi.

Satar fasaha da finafinan Indiya masu fassarar Hausa sun durƙusar da kasuwar faifai a tsakiyar shekarun 2010. A daidai nan tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo tsarin da Kano ba ta saba da shi ba. Shiri mai dogon zango irin Daɗin Kowa, da Kwana Casa'in da ya biyo a 2019, ba ya yiwuwa da labarin da ke kan mutum ɗaya. Sai an tara marubuta a teburi, a tsara zango gaba ɗaya, a raba kashi-kashi, kowa ya rubuto nasa, babban marubuci ya bi ya daidaita murya, a mayar a gyara. Marubutan littafi irin su Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman sun shiga wannan aiki, kuma a nan ne mata, waɗanda tun zamanin littattafan soyayya suke da rinjaye a rubutu, suka samu kujerar da lokeshan bai cika ba su ba. Teburin ya yi kama da zaman Raina Kama ta fuskar gyaran juna, bambancin shi ne akwai albashi da ranar miƙa aiki.

Daga 2020 YouTube ya zama babbar kasuwa. Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad da Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi sun sa masu kallo suna jiran kashi na gaba mako-mako, har suna tambayar wanda ya rubuta idan labari ya karkace, sunayen marubuta irin su Ibrahim Birniwa da Yakubu M. Kumo suka shiga bakin jama'a. Sabon mai koyo a yau yana iya kallon darasin haska fitila ko tace hoto a wayarsa, ya gwada da abokansa a gajeren bidiyo, marubuciya kuma ta fara da sakin littafi shafi-shafi a zaurukan WhatsApp da Facebook, inda masu karatu ke yi mata gyara nan take. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna yaye ɗaliban aikin jarida da wasan kwaikwayo, wasunsu suna shiga masana'antar. Duk da haka, wanda yake son a ba shi kyamara a babban shiri har yanzu sai ya samu wanda zai tsaya masa, ya yi rajista da ƙungiyar sashensa, a Kano kuma ya karɓi lasisin hukumar tacewa, sannan ya bi wani darakta lokeshan na wani lokaci kafin a damƙa masa aiki.