Rawanin Hirafok da Turkuɗin Kura

Hirafok ƙaramin ƙauye ne a arewacin duwatsun Hoggar, cikin jihar Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, a kan hanyar da ke fitowa daga tsaunin Assekrem zuwa garin Idelès. Mutanen yankin Buzaye ne na ƙabilar Kel Ahaggar. Ban da harshensu, babu abin da aka fi sanin mazansu da shi kamar rawani mai amawali, wanda suke kira tagelmust. Kuma mafi daraja a cikin waɗannan rawuna, daga ƙasar Kano yake fitowa.

Turkuɗi ake ce masa a wurinmu, su kuma suna kiransa alasho. Garin Kura da ke kudu da Kano shi ya yi suna wajen yin sa. Masaƙa kan saƙa sirara-siraran ƙyalle, a ɗinke su wuri guda, a kai marina a tsoma cikin baba sau da yawa, sannan masu bugu su barbaɗa garin baba su yi ta dukansa a kan gungume har ya riƙa ƙyalli kamar ƙarfe. A da, fatake kan ɗora a raƙuma, su bi ta Damagaram da Agadas zuwa cikin hamada. Bature mai yawon bincike, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano na kaiwa har Ghat da Murzuk da Tarabulus, kuma ya ƙiyasta cewa Tumbuktu kaɗai na karɓar kayan raƙuma 300 a shekara.

Abin sha'awa shi ne yadda Buzaye suka ɗauki wannan ƙyalle iri ɗaya, amma kowa ya fitar da nasa salon. Yaro ba ya naɗa rawani sai ya balaga, ranar da aka naɗa masa kuwa ya shiga sahun manya. Daga nan ɗaurinsa ya zama tambarinsa. Wani ya ɗaga shi sama ya yi tsini, wani ya kwantar da shi, wani ya haɗa fari da baƙi don ranar biki. Ko da idanu kawai ake gani, ƴan uwa kan gane mutum daga nesa ta ɗaurinsa da tafiyarsa. Amawalin ma yana magana: a gaban suruki ko dattijo, mutum zai ja shi har bisa hanci saboda kunya, a cikin tsararsa kuwa ya sassauta.

Ba ado kaɗai ba ne. Rawanin na kare fuska daga rana da ƙura, kuma baban da ke zuba a fata, wanda ya sa Turawa suka laƙaba musu shuɗayen mutane, su a wurinsu kyau ne ba datti ba. Matansu ba sa rufe fuska, mayafi kawai suke yafawa a ka. Wato sun duba jikinsu da ƙasarsu da halinsu, sannan suka zaɓi abin da ya karɓe su.

Yau abubuwa sun sauya. Yadin kanti mai araha ya cika kasuwannin Tamanrasset da Agadas, turkuɗi ya koma kayan biki da na masu hali. A Kano kuwa, marinar Ƙofar Mata da ake danganta kafuwarta da shekarar 1498 na nan, amma ramuka da yawa sun bushe.

Mu da muke kai wa tela hoton ɗinkin da muka gani a waya mu ce ya kwaikwaya, ko ya dace da jikinmu ko bai dace ba, ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Kakanninmu ne suka rina ƙyallen da mutumin Hirafok ya mayar shaidar kansa. Idan masu bugu na Kura suka ajiye gudumarsu, ba sana'a kaɗai za mu rasa ba.