Dariya a kan kufai: finafinan soyayya na Ostiriya bayan 1945

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, ƙasar Ostiriya, wadda masu Faransanci suka sani da Otirish, ta wayi gari a hannun sojojin ƙasashe huɗu: Amurka, Ingila, Faransa da Tarayyar Sobiyet. Birnin Biyana ya sha bamabamai, abinci sai da kati. Mai karatu zai zaci silimar irin wannan ƙasa za ta cika da makoki. Abin da jama'a suka yi wa tururuwa kuwa shi ne labaran soyayya masu ban dariya, da waƙa, da gonakin inabi a bakin kogin Danub.

Wannan salo ya girmi yaƙin. Bayan da Jamus ta haɗiye Ostiriya a 1938, kamfanin Wien-Film ya ci gaba da fitar da finafinan raye-rayen tsohuwar Biyana a ƙarƙashin ƴan Nazi, irin su Wiener Blut na Willi Forst a 1942. Da mulkin ya faɗi, kusan dukkan fuskokin suka dawo bakin aiki.

Fim ɗin da ya fi nuna yadda abin yake shi ne Der Hofrat Geiger na 1947, wanda Hans Wolff ya ba da umarni. Paul Hörbiger ya fito a matsayin wani babban ma'aikacin gwamnati da ya ajiye aiki a 1938, ya kulle kansa a gida. Tsohon yaronsa, wato Hans Moser, yana kwaso masa tsofaffin takardu yana cewa har yanzu ma'aikata na bukatar shawararsa. A cikinsu ne ya gano yana da ɗiya a garin Spitz, a kwarin Wachau, daga wata mace da ya so tun da daɗewa. Sauran labarin aure ne, da yawon neman takardar zama ɗan ƙasa daga wannan biro zuwa wancan, wahalar da ba sai an fassara wa kowa ba.

A lura da shekarar da mutumin ya rufe ƙofarsa. Daga 1938 zuwa 1945 bai sa hannu a kan komai ba, bai ga komai ba. Wannan ita ce surar da ƙasar ke son gani a madubi, domin sanarwar Mosko ta 1943 ta riga ta kira Ostiriya ƙasa ta farko da Hitila ya zalunta, gwamnatocin bayan yaƙi kuma suka riƙe kalmar gam. Ba a tuna da cincirindon da ya tarbi Hitila a Biyana, ba a tambayar inda Yahudawan birnin suka shiga. A ganina ba daidai ba ne a zargi mai jin yunwa don ya nemi dariya ta awa biyu, amma dariyar nan ta yi wa ƴan siyasa aikin da jawabi ba zai yi ba. Abin tausayi, shi kansa Moser ya san gaskiyar a cikin gidansa: matarsa Bayahudiya ce, ya ƙi sakinta, sai da ta gudu zuwa Hangari.

A watan Mayu na 1955 aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta maido wa ƙasar ƴancinta. A watan Disamba Ernst Marischka ya fitar da Sissi, labarin soyayyar sarki Franz Joseph da amaryarsa, inda Romy Schneider, mai shekara 17, ta zama tauraruwa. An ƙara kashi biyu a 1956 da 1957. Ita kanta ta gaji da rigar sarautar, ta ƙi yin na huɗu, ta koma Faransa, inda mafi yawanmu muka fara saninta.

A 1961 aka sake yin labarin Geiger da launi, da sunan Mariandl. A shekarar nan kuma talabijin ta nuna Der Herr Karl na Helmut Qualtinger da Carl Merz, hirar wani ɗan Biyana mai fara'a da ya bi kowane mulki ya ci moriyarsa, masu kallo da yawa suka fusata. Sai a 1991 ne shugaban gwamnati Franz Vranitzky ya amsa a gaban majalisa cewa ƴan Ostiriya ma suna da hannu a laifuffukan ƴan Nazi.