Taku Biyar ko Taku Goma: Tarihin Awon Turakun Sadarwa

A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina domin yaƙi da 'yan bindiga. Dutsin-Ma da Kurfi na cikinsu. Har zuwa Disamba, ɗan kasuwa ba ya iya tura kuɗi, ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma kuwa sai ya yi tafiya kafin ya ji muryar gida. Turakun da aka daɗe ana zargi da haddasa cuta suka zama abin kewa. Shi wannan zargi yana da tarihi, kuma tarihin awo ne.

Farkonsa 2001 ne. A watan Janairu hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula kan dala miliyan 285 kowanne, a watan Agusta kuma aka fara kira. Cikin 'yan shekaru dogayen ƙarafa suka tsiro a tsakiyar unguwanni, maƙwabta suka fara tambayar abin da eriya ke fesa musu.

Ma'auni ya riga turakun zuwa. A 1998 hukumar masana ta ICNIRP ta fitar da iyakar ƙarfin igiyar rediyo da jama'a za su iya zama a cikinsa: wat 4.5 a kowane murabba'in mita a zangon megahaz 900, wat 9 a zangon 1800. Dalilin iyakar shi ne zafi. Igiyar rediyo ba ta tsinka ƙwayar halitta kamar hasken hoton ƙashi, illarta da aka tabbatar ita ce ɗumama tsoka idan ta yi ƙarfi. An sabunta ƙa'idar a 2020.

A Nijeriya kuwa, muhawarar ta karkata ga tazara. Ƙa'idar NCC ta 2009 ta ce mita 5 tsakanin turke da gida, dokar hukumar muhalli ta NESREA ta 2011 ta ce mita 10. A 2012 rigimar ta kai ga wata hukuma ta rufe turke a Abuja, ɗayar ta buɗe. A 2011 ɗin dai, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa igiyar rediyo a rukunin 2B, wato abin da mai yiwuwa ne ya jawo cutar, bisa hujja mai rauni da ta shafi wayar da ake karawa a kunne. Labarin ya iso kasuwa ba tare da wannan sharhi ba, kuma da shi aka yi wa jita-jitar 5G da korona taki a 2020.

Tazara tana da amfani wajen ƙarar janareto, hayaƙin dizal da haɗarin faɗuwar ƙarfe, amma ba ita ce ke nuna ƙarfin igiya ba. Eriya tana harba igiyarta ne can gaba kamar fitilar mota, don haka gindin turke yakan samu kaɗan. Idan nisa ya ninka, ƙarfin yakan koma rubu'i. Wayar da ta yi nisa da turke kuwa ƙara ƙarfinta take yi, a jikin kunnen mai ita.

Shi ya sa mai awo yake zagayawa da na'ura, yana ɗaukar lamba a wurare daban-daban da lokutan da kira ya yi yawa, sannan ya kwatanta da iyakar. Mai unguwa a Kurfi da aka kawo wa ƙorafi yana da hurumin neman wannan lamba a rubuce daga NCC da kamfanin da ya kafa turken, a karanta wa jama'a a ƙofar gidan hakimi.