Fushin Alƙali da Karkatar Zuciya: Tsohon Darasi da ke Neman Tilawa

A wajajen 1807, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jihadi da niyyar tafiya Makka, domin ransa ya ɓaci da yadda son duniya ya fara shiga zukatan jama'a. Da ya isa Kano, mutanen garin suka roƙe shi ya tsaya ya koya masu yadda ake hukunci. A nan ya rubuta Diya'ul Hukkam, littafin da ya zama madogarar sarakuna da alƙalan Daular Sakkwato.

Malaman da ya gada sun san cewa alƙali mutum ne. Hadisin Abu Bakrata ya hana yin hukunci cikin fushi, malaman fiƙihu kuma suka haɗa da yunwa da ƙishirwa da gyangyaɗi, da duk abin da ke dagula tunani. Wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musal Ash'ari ta umarce shi ya daidaita masu ƙara a wurin zama da sakin fuska, don kada babba ya sa rai da alfarma, kada mai rauni ya fid da tsammani.

A zamanin Turawa karatun ya koma aji. An buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano a 1934, da malamai daga Sudan. A 1991 aka kafa Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa, wadda ke kiran masu riƙe da kujera su sabunta iliminsu.

Sai dai fushi yana da alama: murya na tashi, ido na ja, alƙali na iya ɗage zama. Karkatar zuciya ba ta sallama. A ce a kotun Kebbe ko Tambuwal an kawo ƙarar ɓarnar gona. Alƙalin da ya tashi a gidan noma zai iya jin maganar manomi ta fi kwanta masa, ya ɗauki in'inar makiyayin da Hausa ba ta zauna a bakinsa ba a matsayin alamar ƙarya. Bai karɓi ko sisi ba, kuma zai rantse ya yi adalci.

Littafi ba ya kama irin wannan. Sai alƙali ya riƙa zama da takwarorinsa, ana bitar hukunce-hukuncensa, ana tambayarsa wa ya gaskata, kuma don me. Makiyayin da ya fita kotu da yaƙinin cewa an yanke hukunci tun kafin ya buɗe baki, da wuya ya sake kawo ƙara. A daji zai nemi hakkinsa.