Gindin Faranti Ya Fi Fuskarsa Magana

Dillalin tsohon tangaran a Ingila, da an miƙa masa faranti, sai ya kife shi. Zanen furanni na iya jira. A gindi ne maƙera suka bar tambarinsu, nan kuma ciniki ke farawa.

Galibin kayan nan daga yankin Stoke-on-Trent suka fito, inda Josiah Wedgwood ya kafa masana'antarsa a Burslem a 1759. Shi yakan danna sunansa cikin yumɓu tun yana ɗanye, kafin a gasa, don haka in ka shafa da yatsa za ka ji harufan sun lotsa. Daga 1860 kamfanin ya ƙara harufa uku, na ƙarshensu yana nuna shekara.

Abin mamaki, dokar wata ƙasa ce ta fi taimakon masu tantancewa. A 1890 Amurka ta kafa dokar harajin McKinley, wadda ta tilasta rubuta ƙasar asali a kan kayan da ake shigo mata da su. Daga 1891 sai kalmar "England" ta bazu a gindin kofuna. To, duk wanda ya rantse maka cewa butar shayinsa ta ƙarni na 18 ce, alhali kalmar na jikinta, butar da kanta ta ƙaryata shi. Tambarin rajista mai siffar daimon kuwa daga 1842 zuwa 1883 aka yi amfani da shi, har da ranar da aka yi wa zanen rajista. Ranar zane ce, ba ranar gashi ba. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe.

Sai dai tambari ma yana ƙarya, kuma tun da can. Masana'antar Worcester, wadda aka kafa a 1751, ta kwaikwayi alamomin Sin. Angar zinariya, tambarin masana'antar Chelsea, kuwa an yi jabunta ba adadi, har a Faris. Wani kamfani a Stockton ya riƙa buga "Wedgewood", da ƙarin harafi ɗaya, sai da kotu ta taka masa birki a 1848.

A ganina, shi ya sa ƙwararru ba sa yanke farashi da tambari kaɗai. Sukan ɗaga kofi su haska shi, su ƙwanƙwasa bakinsa da farce: mai lafiya yakan yi ƙara garau, mai ɓoyayyar tsaga kuma sai ya amsa a dushe, farashinsa a wurin gwanjo ya faɗi warwas ko da tambarinsa na gaskiya ne.