Girgizar Alaska ta 1964 da Yadda Aka Gane Nutsewar Ƙasan Teku

Tun a shekarar 1935 masanin girgizar ƙasa na Japan, Kiyoo Wadati, ya nuna cewa girgizar da ake yi a yankinsu ba daga zurfi ɗaya take tasowa ba. Wadda ke kusa da kwazazzabon teku daga sama-sama take, amma da an nausa yamma wajen nahiyar Asiya sai zurfin ya yi ta ƙaruwa har ɗaruruwan kilomita, tamkar an cusa wani shirgegen allo a karkace cikin ƙasa. Hugo Benioff na Amurka ya tabbatar da haka a wasu gaɓoɓin tekun Fasifik, amma ma'anar wannan allo ta gagari masana.

A 1962 Harry Hess ya kawo ra'ayin cewa sabon ƙasan teku yana fitowa daga tsaunukan da ke tsakiyar teku, yana bazuwa dama da hagu. To, idan duniya ba kumbura take yi ba, ina tsohon ƙasan yake zuwa? Hess ya ce komawa ciki yake yi ta kwazazzaban nan. Magana ce mai ma'ana, sai dai shaidar ido ta yi ƙaranci.

Ranar 27 ga Maris 1964 girgiza mai ƙarfin maki 9.2 ta auka wa kudancin Alaska. Ta shafe fiye da minti huɗu, mutane sama da 100 suka rasu, yawancinsu a igiyar tsunami. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta tura George Plafker, wanda ya bi gaɓar teku yana awo. Ma'auninsa kuwa abin mamaki ne don sauƙinsa: wasu ƙananan halittu masu ɓawo da ke manne wa duwatsu daidai inda ruwa ke kaiwa. Inda ya tarar da su a bushe can sama, ya san ƙasa ta ɗaga. Inda ruwan gishiri ya shiga daji ya kashe itatuwa, ya san ta lotsa. A tsibirin Montague ƙasa ta ɗaga fiye da mita 10, can baya wajen tudu kuma ta lotsa kimanin mita 2.

Fitaccen masani Frank Press ya ɗauka tsagar da ta haddasa girgizar a tsaye take. Plafker ya musa a 1965, domin tsaga a tsaye da ta girgiza yanki mai faɗin haka da an gan ta a fili. Ya ce a kwance take, kuma ƙasan tekun Fasifik ne ke kutsawa ƙarƙashin Alaska. Shi ne mai gaskiya.

Abin da ke faruwa shi ne, ɓawon duniya ya kasu zuwa manyan farantai, kuma farantin teku yana ƙara sanyi da nauyi yayin da yake tsufa, har ya riƙa nutsewa ƙarƙashin maƙwabcinsa da 'yan santimitoci a shekara. Bakin farantan biyu yakan cije tsawon ƙarnuka, na sama yana lanƙwashewa. Ranar da ya kuɓuce sai gabansa ya zabura sama ya tunkuɗa ruwan teku, bayansa ya faɗa.

A 1968 Plafker ya tafi Chile ya auna gaɓar da girgizar 1960 mai maki 9.5 ta shafa, ya sami irin wannan ɗagawa da lotsawa.