Linzamin Kwamfuta: Daga Akwatin Katako Zuwa Zauren JAMB

A shekarar 1964, a cibiyar bincike ta Stanford da ke Kalifoniya, Bill English ya ƙera wa Douglas Engelbart wani ɗan akwatin katako mai ƙafafu biyu masu juyawa a ƙarƙashinsa. Idan aka tura shi a kan tebur, sai wata alama ta motsa a fuskar kwamfuta. Shi ne kakan abin da ake kira maus, wato linzamin kwamfuta, kuma an baje kolinsa a San Faransisko ranar 9 ga Disamba 1968.

Tun daga lokacin abu ɗaya ake nema: kibiya ta sauka daidai inda hannu ya nufa. A 1972 English ya maye gurbin ƙafafun da ƙwallo mai birgima ta kowace fuska. Sai dai ƙwallo tana kwasar datti. Tsofaffin masu shagunan kwamfuta a Kano ba su manta yadda ƙurar hunturu ke sa kibiya tsalle ba, har sai an buɗe an goge. Linzami mai aiki da haske, wanda Microsoft ya yaɗa daga 1999, shi ya raba mutane da wannan wahala.

Ragowar matsalar tana cikin saiti. Tun daga Windows XP na 2001 akwai wani zaɓi mai suna Enhance pointer precision, wanda ke zuwa a kunne. Idan hannu ya tafi a hankali, kibiya ta ɗan matsa. Idan ya yi sauri, ta yi nisa, ko da tazarar da hannun ya yi ɗaya ce. Wannan yana taimakon mai ƙaramin tebur, amma yana hana hannu haddace awo. Mai son daidaito yakan kashe shi, ya bar ma'aunin gudu a mataki na shida cikin goma sha ɗaya, inda Windows ba ya ƙari ko ragi.

A Najeriya, lamarin ya shafi makomar ɗalibai. A 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Ɗalibin Gaya ko Ajingi da ya saba da latsa waya kawai yana iya sanin amsa, amma hannu ya ci amanarsa. A 2017, ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede, hukumar ta ba da damar amsawa da maɓallai takwas: A, B, C da D don zaɓi, N don gaba, P don baya, S don miƙawa, R don komawa.

Wannan ya sauƙaƙa jarrabawa, amma ofis da ɗakin zane ba su da maɓallai takwas. Malamin da ke koyar da kwamfuta a Gaya, kafin ya ɗora wa ɗalibi laifin rawar hannu, ya kamata ya fara duba saitin linzamin da ya miƙa masa.